Na kayar da mashin ɗin Yaya, N15,000 gare ni, saura kwana 9 ya dawo

Abba Tumfure: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar mashin ku ceci ƙaninku. Yayana ya tafi kwas Kaduna na wata guda, ya bar min roba-robansa, Haojue ja, ya ce in riƙa kai yara makaranta. Shekaranjiya da yamma ina dawowa daga Pantami akuya ta fito min daga lungu, na damƙe birkin gaba a cikin yashi, sai ga ni a ƙasa. Ni dai alhamdulillah, gwiwa ce kawai ta kurje. Mashin ne ya ji jiki. Robar gaba mai tare ƙafa ta tsage kusan taƙi guda, kunnuwa biyu na murfin gefe sun karye yana ta lilo, baƙar robar saman tayar gaba ta fashe daga baki, ga ƙarce har kan salansa, madubi ɗaya kuma ya tafi. Na je kasuwa na tambayi sababbin robobi, kuɗin da aka faɗa min sai da na nemi benci na zauna. N15,000 ce duk abin da na mallaka. Yaya zan yi ya koma kamar ba a taɓa shi ba?

Maman Hanif: Wa alaikumussalam. Subhanallahi, sannu Abba. Allah ya kiyaye gaba. Yaran ba sa kai dai ko?

Abba Tumfure: Amin Anti. Ni kaɗai ne, na riga na sauke su.

Sani Ɗan Acaɓa: Allah ya tsare gaba. Kai wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Sufa gulu uku, da yashi mai laushi. Ka haɗa bakin tsagar, ka barbaɗa yashin, ka ɗiga gulu, ya zama dutse. Shekara 11 ina kan mashin a garin nan, ban taɓa sayen roba ba. Sauran kuɗinka ka sha mai.

Oga Sale Mai Fenti: Sani, ka ji tsoron Allah. Rabin aikin da ake kawo min a Bolari gyaran wannan dutsen naku ne. Eh yana zama dutse, to amma ita roba ba dutse ba ce, lanƙwasawa take, mashin kuma girgiza yake tun daga tashi har a kashe shi. Abu mai tauri a jikin abu mai motsi, sati biyu ya ɓalle daga gefe, kuma ya bar maka ƙazantar da sai an kankare kafin a yi liƙin kirki. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Abba, kafin ma a zo maganar roba. Ka tura mashin ɗin a miƙe ka duba: kan yana kallon inda taya ke kallo? Akwai mai yana tsatsafowa a ƙafafun gaba? Hannun birki bai lanƙwashe ba? Sannan ka cire robobin gaba ɗaya ka duba ƙarafunan da ake ɗaure su a jiki. In ƙarfen ciki ya karkace, ko sabuwar roba ka sa dole ka ja ta da ƙarfi kafin rami ya dace da rami, kuma daga nan za ta sake tsagewa. A fara miƙe ƙarfe tukuna.

Sani Ɗan Acaɓa: Oga Sale kasuwa yake nema wa kansa, ku bar shi.

Oga Sale Mai Fenti: Wace kasuwa ce a N15,000, Sani? Kai dai murfin gefen Boxer ɗinka da igiyar tif ka ɗaure shi, na gani da idona a Tashan Dukku.

Sani Ɗan Acaɓa: Wannan ado ne.

Malam Buba Kumo: Sannu da arziki Abba. Ni ba makanike ba ne, malamin kimiyya ne, amma na ɓata robobi da yawa kafin na gane abin da zan faɗa maka. Robar jikin mashin ba iri ɗaya ba ce, kuma duk wanda bai raba su ba wahala kawai zai sha.

Idan ka cire su, ka wanke, ka juya cikinsu, sau da yawa za ka ga an buga haruffa a jiki kamar haka: >ABS< ko >PP<. Masu launi masu sheƙi, irin robar gaba da murfin gefe, galibi ABS ne. Baƙaƙen nan marasa fenti masu ɗan laushi, da ka matsa su lanƙwashe su dawo, galibi PP ne, danginsu ɗaya da kujerar roba ta gidan biki. In ba ka ga rubutu ba, yanki ɗan ɓallin da ya karye ka jefa a kofin ruwa. PP ya fi ruwa rashin nauyi, zai taso sama. ABS nutsewa yake. Ko ka kusantar da ɗan ƙanƙani ga ashana: ABS baƙin hayaƙi yake yi mai kunkunniya, PP kuwa ɗiga yake kamar kyandir, warinsa ma irin na kyandir ne.

Amfanin sanin shi ne, PP ba ya shan gam. Sufa gulu, gam mai haɗi biyu, duk zamewa suke a kansa, ka sa farce ka ɓamɓare. Shi sai wuta, a narka shi da ɗan'uwansa. ABS kuma yana narkewa a wani ruwan sinadari da ake kira asiton, don haka ana iya haɗe shi ya koma jiki ɗaya ba tare da wuta ba.

Maman Hanif: Malam ka tuna min. Tawa Lifan ɗin da nake zuwa aiki da ita, baƙar robar baya ta taɓa tsagewa, maigidan ya ƙarar da gam kala-kala a kai ba ta kama ba. Ran nan mai liƙin bokiti yana wucewa ta layinmu na kira shi da wasa. Ya gasa ƙarfensa a garwashi, ya yanko wata tsohuwar roba ya bi tsagar da ita. Shekara ta biyu ke nan tana nan. Sai dai fa ba kyan gani, kamar tabon ƙuna.

Malam Buba Kumo: To ai shi ya yi daidai ba tare da ya san sunan abin ba, Hajiya. Kuskurensa ɗaya, ta waje ya yi. Da ya cire ya bi ta ciki, da ba wanda zai sani.

Abba ga yadda za ka yi da baƙar ta gaba. Ka wanke da sabulu ta bushe sarai, don maiƙo yana hana kamu. Inda tsagar ta tsaya, daidai ƙarshenta, ka huda ɗan rami ƙarami da kusa mai zafi, wannan ramin shi ke hana ta ci gaba da tafiya. Ka haɗa bakin, ka manne ta waje da salatif don kada ya goce. Ta ciki ka bi layin da ƙarfen liƙi irin na masu gyaran rediyo, ka yi ɗan kwari. Ka yanko ragar ƙarfe ta taga, faɗin yatsa biyu, ka ɗora kan tsagar ka danna da ƙarfen har ta nutse cikin robar. Sannan ka yanko siririn zare daga karyayyar kujerar roba ka narka a kai ya rufe. In ka ga hayaƙi na tashi sosai robar tana yin ruwan ƙasa, wuta ta yi yawa, ƙona ta kake yi, kuma ƙonanniyar roba ba ta da ƙarfi. A waje za ka yi, kada ka shaƙi hayaƙin.

Abba Tumfure: Malam Allah ya saka da alheri. Na kwance yanzu na duba da fitilar waya. Robar gaba da murfin gefe duk ABS aka rubuta, baƙar kuma PP, kamar kana gani. Oga Sale, ƙarfen da ke riƙe robar gaba ta hagu ya ɗan shige ciki kam. Kan kuma ya ɗan kalli dama. To a ina ake samun asiton ɗin?

Maman Hanif: Ba shi ne man goge jan farce ba? Ina da kwalba biyu a gida.

Malam Buba Kumo: Danginsa ne Hajiya, amma na farce yawanci an sirka shi da ruwa da mai da ƙamshi, wani ma ba asiton a ciki sam. Ba zai narka robar yadda ake so ba. Ka tambaya wajen masu sayar da kayan fentin mota ko kayan ɗakin gwaji na makarantu, kwalba ƙarama ta ishe ka.

Ka je wajen makanike ka roƙi fasasshen murfin gefe daga tarin da suke zubarwa, ka tabbatar an rubuta ABS. Ka kankare fentin, ka yayyanka ƙanana kamar tsakin masara, ka zuba a kwalbar gilashi mai murfi, ka zuba asiton ya ɗan rufe su, ka bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar ya yi kauri kamar koko. Shi za ka shafa ta ciki, siriri, ka shimfiɗa raga, ka bari ya sha iska, ka ƙara wani. Sau uku siriri ya fi sau ɗaya mai kauri, don mai kaurin sama ke bushewa ciki na nan danƙo, har ya iya lotsa robar. Ka ba shi kwana guda cur, biyu ma ya fi. Kunnuwan kuma, in kana da ɓallayen ka mayar da su da wannan kunun ka yi musu gado ta baya. In sun ɓata, ka yanko sabon kunne daga tsohon murfin ka dasa.

Amma fa asiton ya fi fetur saurin kama wuta. Nesa da kicin, nesa da mai shan taba, nesa da yara. Kuma ko ɗigo ya taɓa fentin waje ya ci shi.

Oga Sale Mai Fenti: Malam ya gama magana a kan liƙi. In ƙara abu ɗaya da mutane ke rainawa: 'yan robobin nan baƙaƙe da ke cikin ramin da noti ke shiga. Makanikai da yawa in sun kwance sai su yar, su ɗaure roba kai tsaye a jikin ƙarfe su matse iya ƙarfinsu. Shi ke karya kunnuwa ko ba a faɗi ba. In naka sun ɓata, je wajen mai faci ka karɓi tsohon tif ka yanka 'yan zagaye ka sa sama da ƙasa. Kuma noti ya kama kawai, ba kokawa ba ce.

Kan da ya kalli dama, sau da yawa murɗewa ce kawai, a sassauta notocin da ke riƙe ƙafafun gaba a daidaita a mayar. Amma makanike ya gani da ido. Wannan kada ka yi masa rowa, a nan rai yake.

Alhaji Baba Jekadafari: Ina ta karantawa tun ɗazu ban ce komai ba. Yaro, tambaya ɗaya. Ka gaya wa yayan naka?

Abba Tumfure: Baba wallahi ban iya ba. Bashi ya ci a wurin aiki ya saye shi, ko shekara bai yi ba. Kullum da asuba sai ya goge shi da tsumma kafin ya karya.

Alhaji Baba Jekadafari: To mutumin da ke goge mashin kullum da asuba ne kake zaton ba zai gane an taɓa shi ba? Ya san kowane ƙarce da ke jikinsa kamar yadda uwa ta san tabon ɗanta. Faɗuwa ba laifi ba ce, kowa ya hau ya faɗi, ni da Vespa na faɗi a gaban surukaina. Amma amana aka ba ka. Ka kira shi yau, ka ce ga abin da ya faru, ga abin da nake da shi, ga yadda zan gyara. Wataƙila ma ya fi son a bar masa ya sa sabuwa da kansa, ka ga ka huta.

Sani Ɗan Acaɓa: Baba Allah ya ƙara girma, amma a bari a gyara tukuna. Labari da gyararren mashin a gaba ya fi daɗin ji a kan labari da hoton ɓaraguzai.

Alhaji Baba Jekadafari: Sani, ranar da zai sayar fa? Ya rantse wa mai saye cewa bai taɓa faɗuwa ba, alhali shi ma bai sani ba. Wa ya ɗauki wannan nauyin?

Maman Hanif: Kuma Abba ka manta da yaran. Ɗan shekara biyar ba ya riƙe sirri. Tun a bakin ƙofa za su ce Baba, Kawu ya fasa mashin.

Ibro Bajoga: Ku yi haƙuri in ɗan shigo da tawa tunda masana na kusa. Boxer gare ni, buhun siminti ya zame ya lotsa min tanki ta gefe, kuma kamar yana ɗan jiƙewa da mai a wajen. Wani yaro mai walda ya ce in kawo ya ɗiga masa wuta minti biyar.

Oga Sale Mai Fenti: Ibro kada ka kuskura. Tankin da aka juye man cikinsa ya fi cikakke haɗari, don tururin fetur ɗin da ya rage shi ke fashewa. Wanda ya san aiki sai ya cire tankin, ya cire famfon mai, ya wanke da ruwa da omo sau da yawa, ya bar murfi a buɗe, wasu ma da ruwa a ciki suke aikin. Duk wanda ya ce maka minti biyar, ɗauki mashin ɗinka ka gudu. Lotsawar kuma a fara jawo ƙarfen ya dawo kusa da yadda yake, sannan a shafa fila, wato ƙullun da masu fenti ke cike lotsawa da shi, siririya. Masu cika rami da fila kamar ana yaɓen ɗaki, wata uku ta tsage ta faɗo. Kuma fila ba ta toshe yoyo, fetur zai bi ta ƙarƙashinta ya tayar da fentin.

Ibro Bajoga: Na gode Oga. Allah ya sa na tambaya.

Abba Tumfure: Oga Sale saura fenti. Na ga gwangwanin fesawa ja a kasuwa, in saya in bi wajen da ya ƙarce?

Oga Sale Mai Fenti: Nan ne za ka nemi gira ka rasa ido. Ja ba ɗaya ba ne, kuma ba launin da rana ke ci kamar ja. Wanda ke jikin mashin ya sha ranar Gombe wata da watanni, na gwangwani sabo ne, in ka fesa a tsakiya zai fito kamar faci a farar riga. Ga shi fentin gwangwani ba ya jure fetur, ɗigo ɗaya a gidan mai ya yi masa zane. Mu da muke yi da kwamfuresa, kiliya mai haɗi biyu, wato shafin sama marar launi mai sheƙi, muke rufewa da ita, ita ce fetur ba ya ci, kuma kuɗinka ba zai kai can ba.

Yi wannan gwajin. Jiƙa yatsa ka shafa kan ƙarcen. In ya ɓace yana jiƙe, ya dawo da ya bushe, to a saman kiliya kawai yake, bai kai ga launi ba. Irin wannan samfefa mai lamba 2000 za ka jiƙa a ruwa ka bi a hankali, hannu sake, sannan ka goge da man sheƙi na masu fentin mota da tsumma mai laushi. Zai tafi. Wanda farce ke maƙalewa a ciki har kana hango farar roba ko baƙa, wannan ya wuce gogewa. Ka sami ɗan fenti kaɗan wajen masu haɗawa, ka tafi musu da murfin gefen su gwada launin a jiki, ka cike layin da tsinken ashana. Layin tsagar kuma, in liƙin ciki ya yi kyau, bai fi gashi ba. Sitika ɗaya ta rufe shi. Ka sa a hagu ka sa irinta a dama don ya zama kamar ado.

In ka nace sai ka fesa, to robar gaba ɗaya za ka fesa daga baki zuwa baki. Samfefa 600 da ruwa har sheƙin ya mutu, firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, sannan launi daga nisan taƙi guda, sama-sama, sau uku, kana ba da kamar minti 15 tsakani. Kuma da wannan hunturun, da sassafe kafin iska ta tashi, ka yayyafa ruwa a ƙasa, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kai ya zama kamar bayan kada.

Salansa kuma fentin da ke jure zafi ake sa mata, na gama-gari ƙonewa yake ya yi wari. In murfin kariyar ne kawai ya ƙarce, ka kwance shi ka goge ka fesa baƙi shi kaɗai.

Sani Ɗan Acaɓa: Baƙar robar in ta koɗe ka shafa mata baƙin mai, ta dawo sabuwa fil.

Maman Hanif: Ta dawo sabuwa na awa biyu, sannan ta kwashe ƙurar Gombe kaf, ta ƙare a jikin hijabin mutum. Na gwada, Malam Sani, ban yafe ba.

Malam Buba Kumo: Haka masu bin ta da wuta don baƙin ya dawo. Yana dawowa, amma kowane bi yana ƙara busar da ita, ƙarshe ta riƙa karyewa kamar ƙosai ya kwana. Af, kuma kada a wanke gilashin fitila da fetur ko tina, ruwan nan na tsinka fenti, roba ce ita ma, tsattsagewa take.

Alhaji Baba Jekadafari: Tunda ana maganar fenti, masu sha'awar sauya launi gaba ɗaya su tuna launin mashin na rubuce a takardunsa. Kuma kada samfefa ko fenti su kusanci lambar inji da ta jiki. Bayani a shingen 'yan sanda ba daɗi gare shi ba. Abba ina jiran amsata.

Abba Tumfure: Salam jama'a, ku yi haƙuri kwana biyar shiru. Baba, na kira shi a daren ranar. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce gwiwar fa, na je an duba? Daga baya kuma ya yi faɗan, sosai ma, amma a kan birkin gaba a cikin yashi, wai sau nawa ya gaya min. Ya ce kada in fesa komai, in liƙe kawai.

Makanike ya daidaita kan ya miƙe ƙarfen ciki, N2,500. Madubi sai da na sayi biyu don ba a raba su, N4,000. Asiton, samfefa da man sheƙi sun ci N4,500. Baƙar robar na kai wa mai gyaran rediyon unguwarmu muka yi tare da ragar taga, ya ƙi karɓar ko sisi, shayi kawai na saya masa. Kunun Malam Buba ya kama robar gaba gam, na matsa da hannu ba ta motsa ba. Kunne ɗaya ya zauna, ɗayan na yi gaggawar ɗaurawa tun bai bushe ba ya sake ɓallewa, na sake yi jiya, yana kan taga yanzu. Kuma na yi ɓarna ɗaya: asiton ya bi ta ramin da na huda ya ɗigo waje, ya ci fenti kamar girman ƙwayar gyaɗa.

Oga Sale Mai Fenti: Ai sai da aka ce ka manne waje da salatif. Kawo murfin da robar gobe bayan azahar, ina da ragowar ja na wani aiki, mu gwada ko zai shiga. Kada ka ɗaura kunnen nan sai jibi.

Sani Ɗan Acaɓa: Da sufa gulu ne da tuni an wuce wajen. Saura N4,000, a kawo kuɗin shawara.

Abba Tumfure: Sun tafi wajen sitika da mai, Malam Sani. Yaya ya ce kada in sa mai hoton zaki ko rubutu, layi fari kawai yake so. Oga Sale ta wane gefe shagon yake in na shigo Bolari?

Oga Sale Mai Fenti: Duba saƙonka na turo maka. Ka taho da 'yan notocin gaba ɗaya a leda, da tsohon tif ɗin.